"In my teenage" ko "in my teens": wanne ne Turancin daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sabuwar malamar Turanci ce a wata sakandaren 'yan mata da ke Mabera, cikin garin Sakkwato. Na ba 'yan ajin ƙarshe insha'i a kan rayuwarsu, sai na ga da yawa sun rubuta "in my teenage", wasu kuma "teenager girls". Kunnena bai karɓa ba, na sa musu jan biro. Wata ɗaliba ta ce ita haka take gani ana rubutawa a Facebook, ta nemi in faɗa mata dalili, ni kuwa ban samu bayanin da zai gamsar da ita ba. Don Allah mene ne daidai, kuma me ya sa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sa albarka a aikin. Jan bironki yana kan hanya a duka wuraren biyu. Abin da ya kamata su rubuta a na farko shi ne "in my teens", ko "in my teenage years", ko "when I was a teenager". Na biyun kuwa "teenage girls" ne. Ɗalibar da ta tsaya sai an ba ta dalili ki riƙe ta da kyau, domin gyaran da ba a faɗi dalilinsa ba, mako mai zuwa za ki sake tarar da kuskuren a littafinta, a wata jimlar dabam.

Kalmomi uku ne a nan da suka fito daga tushe ɗaya, amma kowace da aikinta a jimla. "Teenager" suna ne, shi ne mutumin da kansa, yaro ko yarinya. "Teens" ita ma suna ce, amma sunan shekarun ne da mutum ke ciki. "Teenage" kuwa siffa ce, kuma nan ne rikicin yake. Siffa kamar rawani take, sai da kan da za a naɗa ta. Idan ɗaliba ta rubuta "In my teenage I lived with my grandmother in Wamakko", mai karatun da ya saba da Turanci zai tsaya bayan "teenage" yana jiran sunan da za ta biyo da shi, sai ya ga babu. Da ta ƙara "years" a wurin, shi ke nan jimla ta miƙe. Ki buɗe ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci, wanda kusan kowace makaranta ke da kwafinsa ko da ya tsufa, ki nuna musu da idonsu: an rubuta cewa siffa ce, kuma galibi gaban suna take zuwa. Shi ya sa ake cewa "a teenage boy", "teenage years", "teenage pregnancy", kuma shi ya sa ko "she is teenage" ba ta yi wa kunne daɗi ba, duk da cewa siffa ce aka sa a inda siffa ke iya zama. Mai harshen cewa zai yi "she is a teenager" ko "she is in her teens".

Ina so ki lura da wani abu, domin zai canza yadda kike kallon yaran. Wannan kuskure ba na sakarci ba ne, na mai tunani ne. A Hausa muna cewa "a lokacin ƙuruciyata", "a samartakarsa", "a zamanin 'yanmatancinta". Duk sunaye ne na wani zango a rayuwa. Yarinya ta koyi cewa "in my childhood" daidai ne, "in my youth" daidai ne, "in his old age" ma daidai ne. Sai ta ga "teenage" ta ƙare da "age", wato shekaru, ga kuma tarin sunaye masu irin wannan ƙarshe kamar "marriage" da "village" da "courage". Me zai hana ta ɗauka ita ma suna ce? Ƙiyasi ta yi, kuma ƙiyasin yana da ma'ana. Harshen ne bai bi ta nan ba. Idan kika fara da nuna mata cewa kin gane inda ta samo shi, za ta fi saurin karɓar gyara fiye da in kin ce mata "ba haka ake yi ba" kawai.

To, ita "teens" da za ta maye gurbin, tana da sharuɗɗa biyu da ba a sassautawa. Na farko, kullum jam'i ce, da harafin s a ƙarshe, domin shekaru ne da yawa ba ɗaya ba. Babu "in my teen". Na biyu, idan shekarun mutum ake nufi, sai da kalmar mallaka a gabanta: "in my teens", "in her teens", "in their teens". Ba a cewa "she is in teens", ba a kuma cewa "she is in the teens". Wannan tsari ɗaya ne da na sauran shekaru, "in his twenties", "in her forties", don haka in sun riƙe ɗaya sun riƙe duka. Ana iya ƙara bayani a ce "in her early teens" ga wadda ke wajen 13 ko 14, "in her mid-teens" ga ta wajen 15 ko 16, "in her late teens" ga wadda ta doshi 19. Babu wata doka da ta yanka iyakar waɗannan ukun daidai wa daida, kimantawa ce, kuma amfaninsu ke nan: a faɗi shekarun mutum ba tare da an san ainihin adadin ba. Abin lura ƙarami, "mid" tana ɗaukar karan ɗori, sauran biyun ba sa ɗauka. Kuma kada su sa ɗan waƙafin nan na sama su rubuta "teen's". Wannan alamar mallaka ce, ba ta jam'i ba.

Akwai inda za ki ji "in the teens" kuma daidai ne, amma ba a kan mutum ba. Da hunturu, cikin Disamba da Janairu, idan sanyin asuba ya sauko a Sakkwato ma'aunin zafi ya nuna 15 ko 16, mai hasashen yanayi zai ce "temperatures in the teens". Lambobi ake nufi, shi ya sa babu mallaka.

Yanzu "teenager girls". Wannan Hausa ce tsantsa aka sa mata rigar Turanci. Mu muna haɗa suna da suna cikin sauƙi da ɗan harafin n ko r: "matashin yaro", "matashiyar malama", "matasan 'yan kasuwa". Ɗaliba ta san "teenager" na nufin matashi, sai ta jera ta gaban "girls" kamar yadda za ta yi a harshenta. Turanci ma yana jera suna gaban suna, kamar "school bus", amma a wannan wurin yana da siffa tanadajjiya, ita ake ɗauka. Za ki kuma ci karo da ƙanwar wannan kuskure, wato "teenagers girls", da s a duka biyun. Ita ma daga gida ta taso. Siffa a Hausa tana bin sunanta a jinsi da adadi: ƙaramin yaro, ƙaramar yarinya, ƙananan yara. Siffar Turanci ba ta motsi ko kaɗan: "a teenage girl", "two teenage girls", "a teenage boy". Ki rubuta waɗannan layuka biyu a allo, na Hausa a sama na Turanci a ƙasa, ki bar su su gano bambancin da bakinsu. Sannan ki kula da ɗan "a" ɗin nan. Hausa ba ta buƙatar komai a "ni matashiya ce", don haka yara ke rubuta "I am teenager". Sai an ce "I am a teenager", kamar yadda ake cewa "I am a student".

Idan kika ga "teenaged" a wani littafi, kada ki ja mata layi. Karɓaɓɓiya ce, ma'anarta ɗaya da "teenage", sai dai ba ta kai ta yawa ba, kuma a kan mutane ake amfani da ita, kamar "his teenaged son". Ni dai ɗaya nake koya wa ɗalibai, in bar ɗayar su gane ta in sun gani.

Akwai tambayar da ɗalibarki ba ta yi ba tukuna amma za ta yi: wane ne "teenager" ɗin? Amsar tana cikin lissafi. Kalmar ta fito ne daga ƙarshen lambobin Turanci daga "thirteen" zuwa "nineteen", wato 13 zuwa 19, shekara bakwai cif. Wannan "teen" ɗin 'yar'uwar "ten" ce, "fourteen" na nufin huɗu da goma. A nan Bahaushe ke zamewa, domin namu lissafin ya fi nasu daidaito. Mu daga goma sha ɗaya muke fara "sha", mu tafi da ita har goma sha tara ba tare da tsallake ba, har mukan ce "ɗan shekara goma sha wani abu". Sai yaro ya ɗauka duk mai "sha" a shekarunsa ya shiga sahu. A Turanci "eleven" da "twelve" ba su da wannan ƙarshe. Asalinsu tsofaffin kalmomi ne masu nufin ɗaya ta rage, biyu sun rage, bayan an ƙirga goma. Saboda haka 'yar shekara 12 da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba "teenager" ba ce, komai tsawonta. Ana ce mata "preteen" in ana son a ware ta, ko kuma "child" kawai. Haka ɗan shekara 20 ya fita, ko da bai bar sakandare ba.

Ba laifi ki gaya musu cewa kalmar ba tsohuwa ba ce a wurin masu ita. "Teens" da ma'anar shekaru tana cikin Turanci tun ƙarni na 17, amma "teenager" ba ta bazu ba sai a shekarun 1940 a Amurka, lokacin da zama a makarantar sakandare ya zama ruwan dare ga yaransu, 'yan kasuwa kuma suka gane cewa waɗannan yara suna da kuɗin kashewa da irin nasu son kaya. Mujallar Seventeen, wadda aka kafa domin 'yan mata masu waɗannan shekaru, ta fara fitowa a 1944. A farko da karan ɗori ake rubuta kalmar, "teen-ager", daga baya aka haɗe ta, kuma haɗaɗɗiyar ce za su rubuta. Na kawo wannan ne domin ki ga dalilin da ya sa ba mu da kalma guda da ta yi daidai da ita. Mu ba da lamba muke yanka rayuwa ba. Muna da jariri, yaro, saurayi da budurwa, magidanci da matar aure, dattijo. Balaga ce da aure ke ɗaga mutum daga wani mataki zuwa wani, balaga kuwa da alamominta aka fi sanin ta. 'Yar shekara 18 da ke ɗakin mijinta a Gwadabawa da goyo a baya, babu wanda zai kira ta budurwa a garinsu, amma a Turanci "teenager" ce, "a teenage mother", domin kalmar ba ruwanta da aure ko hankali, shekaru kawai take ƙirgawa.

Daga nan ne matsalar da ta fi damuna take tasowa, kuma ba ɗalibai kaɗai ke faɗa mata ba, har da masu rubuta takardun ƙungiyoyi da masu fassara labarai. An ɗauki "matasa" an ɗaura mata "teenagers" kamar abu ɗaya ne. Matasa a bakinmu ta fi faɗi nesa ba kusa ba. Mai bautar ƙasa da aka turo Sakkwato matashi ne, alhali tsarin NYSC, wanda aka kafa a 1973, yana karɓar wanda ya gama digiri har zuwa shekara 30. Shugaban matasan unguwa sau da yawa yana da mata da 'ya'ya. In aka ce "ƙungiyar matasan Runjin Sambo" aka fassara da "teenagers", an mai da magidanta yara. "Youth" ko "young people" ce ta dace a nan. Ita ma "youth" ɗin iyakarta ta danganta da mai magana: Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙirga 15 zuwa 24, Yarjejeniyar Matasa ta Tarayyar Afirka ta 2006 ta ce 15 zuwa 35, manufar matasa ta Najeriya ta 2019 kuma ta ɗauki 15 zuwa 29. Ki ƙara musu da cewa a jaridun Ingila, "a youth" ko "youths" galibi samari maza ake nufi, kuma an fi jin ta a labarin faɗa ko sata, don haka yarinya ba za ta ce "I am a youth" ba. "I am young" ko "I am a young woman" ya fi.

Sauran 'yan'uwan kalmar ba sa buƙatar dogon bayani. "Adolescent" ta likitoci ce da masu nazarin tarbiyya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana nufin 10 zuwa 19 da ita, kin ga ta haɗa da waɗanda "teenager" ta bari a waje. "Minor" ta shari'a ce, wanda bai kai 18 ba, iyakar da Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa wa yaro. Don haka ɗan shekara 19 yana da katin zaɓe, ba "minor" ba ne, amma har yanzu "teenager" ne.

Mu koma ga hujjar ɗalibarki, cewa a Facebook ta gani. Gaskiya ta faɗa. "In my teenage" ta yawaita a rubutun 'yan Najeriya, ana kuma jin ta sosai a Turancin Indiya. Ni ba na cikin masu raina Turancin Najeriya. Harshe ne da muka yi shekaru muna sarrafawa, kuma a Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da salon magana 29 daga Najeriya, ciki har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". Amma "in my teenage" ba ta cikinsu, kuma mai duba takardar WAEC ko NECO ba da abin da ya yawaita a waya yake aiki ba. Ki faɗa mata haka kai tsaye: za a fahimce ta in ta faɗa a hira, amma a jarrabawa, da takardar neman aiki, da duk rubutun da zai fita waje, kuskure za a ƙirga shi. Yarinyar da ke burin shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari tana buƙatar kiredit a Turanci, kuma haƙƙinta ne a gaya mata abin da zai rage mata maki.

A wayar kuma za ta ga "teens" da wata ma'ana, wato mutanen da kansu, kamar "Teens spend hours online". Wannan gajarta "teenagers" ce, Amurkawa suka fi yin ta, masu kanun labarai kuma suna son ta saboda gajarta. Ba kuskure ba ce, amma ta hira ce. A insha'i su rubuta "teenagers" cikakkiya, su bar "teens" ga shekaru.

Tunda 'yan ajin ƙarshe ne, ki haɗa musu da wani kuskure da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan, domin a insha'in da ake so ya kai kalma 450, da wuya a gama ba a ambaci shekarun wani ba. Ana cewa "She is fifteen years old", da s, babu karan ɗori. Amma idan aka kawo shekarun gaban suna suka zama siffa, s ɗin tana faɗuwa, karan ɗori biyu su shigo: "a fifteen-year-old girl". Dalilin shi ne wanda muka riga muka faɗa, siffar Turanci ba ta ɗaukar jam'i. "A fifteen years old girl" tana cikin kurakuran da na fi gani a takardun ɗalibai, har da na manyan makarantu. Wadda ta ji tsoron rikicewa tana da mafita mai sauƙi, ta ce "a girl of fifteen" ko "a girl aged fifteen". Masu duba insha'in WAEC suna raba maki gida huɗu, abin da aka faɗa, da tsarin faɗarsa, da kyawun lafazi, da tsabtar nahawu da rubutu, kuma irin waɗannan ƙananan kurakurai a gida na huɗu suke cin mutum ɗaya bayan ɗaya har makin wurin ya ƙare.

Game da yadda za ki koyar, shawarata kada ki ba su ma'anoni su haddace. Ki sa kowace ɗaliba ta kawo mutum uku daga gidansu, ta faɗi shekarunsu, sannan ajin ya yanke hukunci: wannan "teenager" ne ko a'a, in eh, "early" ne ko "mid" ko "late". Daga nan kowace ta rubuta jimla uku a kan mutum ɗaya, ɗaya da "teenager", ɗaya da "teenage", ɗaya da "teens". Misali: "My brother is a teenager. He is a quiet teenage boy. He is in his late teens." In sun yi haka da ƙannensu da yayyensu na gaske, zai zauna. Abu ɗaya da za ki tuna musu: yawancin 'yan ajin naki har yanzu suna cikin waɗannan shekaru, don haka "when I was a teenager" ba ta dace da 'yar shekara 17 ba, sai ka ce ta wuce wurin. Ita "in my early teens" za ta ce in tana ba da labarin shekarun baya, ko "as a teenager" in tana maganar yanzu.

Ki kuma ba furuci minti goma, domin takardar furuci ta WAEC tana tambayar gaɓar da ake dannawa a kalma. A "teenager" gaɓar farko ce ke ɗaukar nauyi, TIIN-ei-ja, ba ta tsakiya ba kamar yadda da yawa ke yi, kuma g ɗin kamar j take fita. A lambobin kuwa, in an faɗi "fifteen" ita kaɗai, nauyin yana ƙarshe, wasalin dogo ne, n ɗin kuma sai an ji ta. A "fifty" nauyin yana farko, ƙarshen gajere. Ki kira lambobi a cakuɗe, 13 da 30, 16 da 60, 19 da 90, su rubuta a takarda ba tare da sun ga bakinki ba, sannan ki juya, su su kira ke ki rubuta a allo abin da kika ji.